Gaisuwar Iya Kande

An yi wani mutum a nan ƙasarmu ta Daura, saurayi ne a lokacin. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da rai, uwarsa ma tana da rai. Ku dai ba ni kunnuwanku, ya 'yan uwa, musamman ku samarin da ke can baya kuna zungurin juna.

A wani ƙauye kudu da Daura aka haife shi, inda gidajen masu bi ba su wuce goma sha biyu ba. Majami'arsu ginin ƙasa ce, rufin kwano, benci shida. Mai bisharar wurin wani tsoho ne, Baba Nagoggo, wanda ya shekara talatin da ɗoriya yana kiwon wannan 'yar ikilisiya. Da tsufa ya zo, yana ta rufe masa ido, har ya kai ba ya bambanta rubutu da farar takarda.

Shi kuwa saurayin nan Allah ya yi masa baiwa. Ya gama sakandare, ga murya. In ya tashi karatu ranar Lahadi, har jarirai sukan yi shiru a bayan iyayensu. Baba Nagoggo ba shi da sauran buri a duniya sai guda: kafin ya kwanta dama, ya ga yaron nan ya tafi makarantar koyon aikin bishara, ya dawo ya karɓi garken. Saurayin ma abin da yake so ke nan. Da bakinsa ya faɗa a gaban jama'a ranar da aka yi masa baftisma, ba wanda ya matsa masa.

Wata safiya tsohon ya kira shi, ya ɗauko Littafin Allah nasa na kansa, mai bangon fatar akuya. Sun daɗe suna bin sa tare kowace safiya, saurayin yana karantawa, tsohon yana bayani. Sun tsaya a wani shafi da ya taɓa yagewa, marigayiya matar Baba ta ɗinke shi da zare da allura. Baba ya yanko siririyar kaba ya sa a wurin, ya rufe, ya miƙa masa.

Ya ce, "Ɗana, daga nan za ka ci gaba kai kaɗai. Kullum da safe, kafin ka sa komai a bakinka, ka karanta, ka yi addu'a, ka matsar da kabar nan gaba. Ba don ni ba. Ni ai ba na gani."

Saurayin ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Har hawaye ya yi.

Sai kuma aka ba shi aiki. Akwai wasu gidaje uku na masu bi can bayan Mai'adua, dab da Kongolam, waɗanda neman gona ya kai su. Babu mai karatu ko ɗaya a cikinsu. Babbarsu wata tsohuwa ce, Iya Kande, wadda aka yi wa baftisma rana ɗaya da Baba Nagoggo tun suna da ƙuruciya, yanzu ƙafa ta ƙi. Wani ɗan uwa daga gari ya ba ikilisiya tsohon babur. Dattawa suka ɗibiya wa saurayin hannu, suka ba shi makulli. Kowace Lahadi zai tafi ya karanta musu Maganar Allah, ya yi musu addu'a, ranar Laraba a taron addu'ar yamma ya ba da rahoto. A gida kuwa Dattijo Amadu zai riƙa karatu, wanda yakan yi tuntuɓe sau uku a layi ɗaya, amma dai yakan kai ƙarshe.

Shekarun nan ne da aka fara Shari'a, wayar hannu ba ta shigo ƙauye ba tukuna. Abin da mai babur ya faɗa, shi ne labari.

Da farko aiki ya yi kyau. Yakan isa da hantsi, ya tarar an shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, Iya Kande tana zaune da wankakken zanenta, an ajiye masa fura a ƙwarya. A haife ta yi jika da shi, amma Malam take ce masa. In zai tafi, magana ɗaya take yi kullum: "Malam, ka gai da mini Nagoggo. Ka ce masa ina nan da sauran numfashi."

To, ina faɗuwar ta fara? Za ku ce a kasuwa. A'a, 'yan uwa. A ɗakinsa ta fara, inda ba mai ganinsa.

Washegarin da aka ba shi Littafin, Alhamis ce. Ya ce abu mai muhimmanci irin wannan ai gara a fara shi ranar Litinin, farkon mako. Ran Litinin aka yi ruwan shuka, ya ce gobe zai haɗa na kwana biyu. Goben ta zo, noman fari ya taso. Daga nan ya samo wa kansa wata dabara mai daɗi. Ya ce, ai ni kowace Lahadi ina karanta wa mutane, wannan ma karatu ne, ina yi musu addu'a, wannan ma addu'a ce. Wuraren da ya riga ya sani tun yana yaro, su yake buɗewa ya rangaɗa musu da muryar nan tasa. Mai dafa wa mutane abinci bai taɓa ƙoshi da ƙanshi ba, amma shi ya ɗauka ya ƙoshi.

Kun san kuma ranar da kasuwar Mai'adua take ci. Lahadi ce. Hanyarsa kuwa ta bakin kasuwar ta bi.

Wata Lahadi wani dattijo da buhun wake ya tsai da shi, ya roƙe shi ya rage masa hanya. Ya ɗauke shi don Allah. Da suka isa, dattijon ya cusa masa wani abu a hannu, ya ƙi, aka matsa, ya karɓa. Akwai laifi a nan? Babu. Amma mako na gaba shi da kansa ya riƙa rage gudu yana duban bakin hanya.

Daga mutum ɗaya aka koma biyu. Daga nan ya ce bari ya koma sawu ɗaya tak, ai rana ba ta yi ba. Ya fara isa gindin darbejiya da tsakar rana, ya tarar inuwa ta gusa, an ja tabarmar Iya Kande sau biyu ana bin ta. Ya karanta 'yan layuka a tsaye, ya yi addu'a kamar ana korarsa, ya sha fura, ya tayar da babur. Kunnensa yana wurin tsohuwa, zuciyarsa tana tasha.

Ran nan ya ga wannan 'yar tafiyar ma tana cinye masa rabin kasuwa. Ya isa wurinsu da fuskar tausayi, ya ce dattawa sun ce a dakata da zuwa sai bayan kaka, babur yana bukatar gyara. Iya Kande ta ce, "To, Malam. Allah ya kai mu kakar." Ta sa aka ɗauko ƙwan zabi a 'yar ƙwarya, ta ce ya kai wa Nagoggo.

Ƙwan nan bai wuce Mai'adua ba. Mai shayi ya soya masa shi, ya ci da burodi.

A tashar 'yan acaɓa akwai wani Jafaru, Musulmi, mutumin kirki. In aka kira azahar, ko fasinja nawa ke ihu, Jafaru yakan jingine babur ya ɗauki buta. Wata rana ya idar da salla, yana kakkaɓe goshi, ya dubi saurayin ya ce, "Wai ni kam abokina, ba yau ce ranarku ba?"

Ya ce, "Mun tashi da wuri."

Jafaru ya ce, "Ah to, madalla. Ai na ce."

Kunya ta kama shi har wuya. Ya ji kamar ya juya kan babur ya nufi Kongolam a take. Sai wata mata ta zo da tunkiya tana neman mai kai ta Daura. Kunyar ta bi iska. Ya 'yan uwa, Allah yakan aiko mana da gargaɗi ta bakin maƙwabci, mu kuwa mu ce fasinja yana jira.

Ranar Laraba fa? Ranar Laraba yakan tashi ya ba da rahoto. Kuma abin takaici, rahoton ƙarya ya fi na gaskiya daɗi. Ya ce sun yi waƙa har maƙwabta suka leƙo. Ya ce geronsu ya yi kyau. Ya ce yaron wane ya warke daga zazzaɓi bayan addu'a. Mata suna ta cewa amin. Baba Nagoggo yakan karkato da kai, fuskarsa tana haske, ya ce, "Kande fa?"

"Tana gaishe ka, Baba. Ta ce tana nan da sauran numfashi."

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ja'ira. Sai ta binne mu duka."

Haka aka yi wata huɗu. Duk Laraba in ya zauna bayan rahoto, sai ya ji bakinsa yana ɗaci, ya ce wa kansa wannan ne na ƙarshe, Lahadi mai zuwa zai koma. Bai daina son zama mai bishara ba, ku lura. Yana so. Yana dai ganin burin zai zauna ya jira shi har ya gama da kasuwa.

Kaka ta yi. Aka sa ranar godiya, wadda kowane gida yake kawo nunan fari na gonarsa gaban Ubangiji. Aka ce masa ran nan kada ya je ko'ina, domin fasto zai zo daga Daura da takardar shiga makaranta, yana so ya ji aikinsa da kunnensa. Ran nan dammunan gero da dawa sun taru a gaba har sun kusa taɓa kwano, ga wake, ga gyaɗa, ga kabewa. Baƙi sun zo daga ƙauyuka, benci shida suka cika, mutane suka tsaya a waje suna leƙe ta taga.

Aka kira shi. Ya fito da sabon takalmi da agogo a hannu, Littafin Baba a hammata. Ya yi magana, ya yi magana, murya tana tashi tana sauka. Fasto yana gyaɗa kai. Uwarsa tana share ido da bakin gyale. Da zai rufe, ya juya wajen tsohon ya ce, "Ko Lahadin da ta wuce, Iya Kande ta riƙe hannuna ta ce in gai da Baba, in gai da ikilisiya duka. Ta ce tana nan da sauran numfashi."

Jama'a suka ce, "Muna amsawa."

Sai aka ji murya daga taga. "Gafara dai, iyayena."

Wani magidanci ne, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya, yana riƙe da keke. Aka buɗa masa ya shigo. Saurayin yana ganinsa ya gane shi, ya sunkuyar da kai.

Mutumin ya durƙusa a gaban dattawa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni ne Maliki, ɗan Kande. Iya ta cika yau kwana ashirin da uku."

Jama'a suka juyo gaba ɗaya suka dubi saurayin.

Maliki ya ci gaba, "Ta yi ta tambayar Malam. Muka ce mata dattawa sun dakatar da shi sai bayan kaka. Ta ce to a riƙa shimfiɗa tabarmar dai, ko za a canza shawara. Da ta cika, maƙwabtanmu Musulmi su suka taya mu haƙa kabari, Allah ya saka musu. Suka gama, suka ja gefe suka tsaya, suna jira mu yi namu. Mu kuwa muka tsaya muna kallon juna. Ba mai karatu. Haka muka tura ƙasa." Ya dubi dattawa. "Na bari sai da kaka ta wuce, kamar yadda kuka ce. Na zo ne in tambaya, ko mun yi wa ikilisiya wani laifi ne, mu ba da haƙuri."

Ya 'yan uwa, kun taɓa jin kunyar da mutum zai so ƙasa ta tsage ya shige? Saurayin nan ya tsaya a gaban dammunan gero. Ya dubi uwarsa, ta rufe fuska. Ya dubi fasto, ya ga yana ninke takardar makaranta a hankali, yana mayar da ita aljihu. Ba wanda ya zage shi. Da ma an zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Baba Nagoggo ya miƙa hannu ya ce, "Ɗana, kawo Littafin."

Ya kai masa. Tsohon ya ɗora shi a cinya, ya shafa bangon, ya sunsuna. Warin fetur yake yi. Ya laluba gefen da yatsa har ya taɓo kan kaba, ya buɗe. Yatsunsa suka bi shafin a hankali, suka sauka a kan ɗinkin zaren matarsa.

Ya ce, "Ashe ko daga nan ba ka tashi ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Hawaye suka zubo daga idanun nan da ba sa gani.

Dattawa suka zauna ran nan, suka yanke abin da ikilisiya takan yanke. Za a sa shi a horo. Zai mai da makullin babur. Zai je ya durƙusa a gaban Maliki da gidajen nan uku. Zai zauna a bencin baya, ba karatu, ba Jibin Ubangiji, har sai an ga tubansa. Ba a kore shi ba. Ku riƙe wannan da kyau, ba a kore shi ba. Baba Nagoggo da kansa ya sa aka ja masa gora har ƙofar gidan su saurayin, ya ce masa, "Benci ne kawai, ɗana. Ni ma na taɓa zama a kansa wata shida. Ka zauna, ka tashi, makaranta ba ta gudu."

Lahadi ta zagayo. Saurayin ya yi wanka, ya fito, ya zo har bakin ƙofar majami'a. Ya ji Dattijo Amadu yana fama da wata kalma, ya kama ta ya saki, ya sake kamawa. Ya hango bencin baya, ba kowa a kai. Ya tuna duk wanda zai shiga sai ya wuce ta gabansa, 'yan matan da suka saba sauraron muryarsa, yaran da ya koya wa waƙa. Ya tsaya. Ya juya.

Kunya iri biyu ce, 'yan uwa. Akwai wadda take kai mutum ƙasa a kan gwiwa, akwai wadda take ba shi ƙafar gudu. Ta farko kunyar Allah ce. Ta biyu kunyar idon mutane ce, girman kai ne ya sake riga. Wanda bai saba tsayawa gaban Allah shi kaɗai da safe ba, ina zai sami ƙarfin zama gaban mutane a bencin baya?

Ya bar garin a makon nan. Ya koma bakin iyaka, yana jigilar jarkoki a babur ɗin wani. Baba Nagoggo bai ga wata damina ba, da bazara ya cika. Har yau ƙauyen nan ba su da mai bishara zaunanne. Gidajen nan uku na wajen Kongolam, ɗaya ya tashi, ɗaya ya daina taruwa. Maliki ne kaɗai, da furfurarsa, yake hawa keke yana zuwa wurin Dattijo Amadu koyon baƙaƙe, wai kada a sake tura ƙasa a kan wani nasa shiru.

Shi kuwa mutumin namu, bara na gan shi a Mai'adua. Ya rame, idanu sun yi ja. Yana tsaye yana kiran fasinja, "Kongolam, Kongolam, saura mutum ɗaya!" Muryar nan da take sa jarirai shiru ta dushe, ta zama kamar ana jan kwano a ƙasa. Muka haɗa ido. Na ɗaga hannu zan yi masa magana, ya ja hula ya rufe fuska, ya tayar da babur ba fasinja.

To, matasa, me ya kashe mutumin nan? Bai sha giya ba. Bai bi mata ba. Bai yi musun Yesu Almasihu a gaban kowa ba. Safiya ɗaya ya ɗaga, sannan ta biyu. Ya sayar da aikin rayuwarsa da cinikin yini guda, kuma bai taɓa zama ya ce yau na sayar ba. Kaɗan kaɗan abin ya tafi.

Kai mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, yaushe rabonka da addu'a in ba a gaban mutane ba? Ke mai jagorar zumunta, da kike da amsa a baki kullum, me kika karanta yau da safe? Kuna da buri, na sani. Wannan zai zama fasto, wannan malamar asibiti, wannan zai gina wa iyayensa gida. Madalla. Amma burin da ba a ciyar da shi kowace safiya, yunwa take kashe shi, mai shi yana yawo bai sani ba. Baiwa takan ɗauki mutum ta kai shi gaban jama'a. Ba ta iya riƙe shi a can.

In kuwa akwai wanda ya riga ya faɗi a cikinku, yana zaune yanzu zuciyarsa tana bugawa, ina roƙonka kada ka ƙara gudu a kan faɗuwa. Ka zauna a bencin. Ba a mutuwa a kansa.

Kafin Baba Nagoggo ya cika, ya bar wasiyya guda. Ya ce kowace Lahadi a ɗauki Littafin nan mai bangon fata a ajiye shi a ƙarshen bencin baya, kada kowa ya taɓa kabar. Dattijo Amadu yana yi har yau. Da safe ya ajiye, in an tashi ya ɗauke ya kai gida. Kabar tana nan a kan ɗinkin, ta bushe, tana jiran mai ita.

Taka fa, ɗan uwana? A wane shafi take?

Ya Ubangiji, ka tashe mu da safe mu neme ka tun ba mai ganinmu. Kada ka bar bakinmu ya wuce zuciyarmu. In mun faɗi, ka ba mu kunyar da take kawo mu gida. Ka tuna da bawanka da ke bakin iyaka, ka juyo da shi tun benci yana jiransa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu, cikin sunan Yesu. Amin.